Babur ɗin Baba a Hannun Barmini

A duk layin babu mai tuna sunansa na gaskiya, ko matarsa sai ta ɗan yi tunani. Barmini ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Fanka ta tsaya, "Bar mini." Famfo yana ɗiga, "Bar mini." Ko ciwon haƙori ka ambata a gabansa, sai ka ga yana nannaɗe hannun riga. Sana'arsa ta gaskiya sayar da cajar waya ce a wani ɗan shago bakin titi, amma a bakinsa babu aikin da bai taɓa yi ba a wata ƙasa da ba ya faɗin sunanta. Shi ya gyara wa Tela keken ɗinki, keken ya koma ɗinki da baya. Shi ya gyara wa Gwaggo ta gidan da ke kan kwana rediyonta, tun daga ranar rediyon bai sake cewa uffan ba, shi kuwa ya ce dama surutunsa ya yi yawa.

Abu ɗaya ne a duniya ba a taɓa bar masa ba, shi ne babur ɗin surukinsa.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu gida gida. Babur ɗin nan baƙi ne wuluk, da fararen ƙarafa masu ɗaukar ido, shekararsa ashirin da shida a hannun Baba amma ko ƙwarzane babu a jikinsa. Mata masu wucewa sukan rage tafiya su gyara ɗankwali a jikin tankin. Kullum da safe Baba zai fito da bokitin ruwa ɗaya da tsumma ɗaya, ya ja shi inuwa, ya goge shi a natse kamar mai yi wa jariri wanka.

To, ido ya fara gaza wa Baba, likita ya ce hawan babur ya ƙare. Ba shi da ɗa namiji, 'ya'ya mata biyu gare shi, saboda haka kowa ya san ɗaya daga cikin surukansa ne zai ci babur: ko Barmini mijin babbar, ko Malamin Lissafi mijin autar, mutumin da ko kujerar gidansa zai zauna sai ya dube ta sau biyu. Mutanen layi tuni suka gama zaɓe, Malamin Lissafi suka ba. Wannan magana tana ci wa Barmini rai fiye da yadda yake nunawa. Yana son babur ɗin kamar ransa, gaskiya ne. Amma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne shekara tara yana auren 'yar Baba, tsohon bai taɓa ba shi ko makullin akwati ya riƙe ba.

Ran nan da sassafe sai ga Baba ya turo babur har tsakar gidan Barmini, da jakar tafiya a kafaɗa.

"Zan yi tafiya, gobe da rana zan dawo," in ji shi. "Ana gyaran rufi a gidana, siminti sai zuba yake. Ga shi nan. Kada ka taɓa shi."

"Baba, ai wannan ƙaramin abu ne, ku dai bar m..."

"Na ce kada ka taɓa. Ko ƙuda ka ga ya sauka a kai, ƙyale shi. Ƙudan ya fi ka sanin inda zai taka."

Ya miƙa wa 'yarsa makulli, ya sa kai ya fita.

Barmini ya zagaya babur sau uku, hannu a baya. Can sai ya tafa hannu. "Maman 'yan biyu, kin gane abin da ya faru kuwa? Jarrabawa ce!"

"Jarrabawa ce mana," in ji ta tana ɗaura agogo, don a asibiti take aiki kuma ta makara. "Tambayar guda ɗaya ce, amsarta kuma ya riga ya faɗa maka. Kada ka taɓa."

"Ke ba ki san manya ba. In babba ya ce kada ka taɓa, nufinsa bari mu ga abin da ka iya. Me ya hana shi kai wa Malamin Lissafi? Dubi nan, ga ƙura a ƙarƙashin tanki. Idon Baba ya daina ganinta. Gobe in ya dawo ya tarar da babur ɗin nan yana walƙiya, a nan take zai san wane ne ya cancanta."

"Baban 'yan biyu, na haɗa ka da Allah."

"Je ki aikinki."

Ta jefa makullin a jakarta, ta ja zif har ƙarshe, ta tafi da yara makaranta tana waige. Ita a ganinta ta yi dabara. Ta manta wanki ba ya bukatar makulli.

Mai hankali da a tsakar gida zai yi ɓarnarsa a rufe. Amma Barmini bai ga amfanin gwanintar da babu 'yan kallo ba. Ya tura babur ƙofar gida, ya kafe shi a tsakiyar rana tsakanin shagon Tela da rumfar Mai Faci, ya koma ya fito da bokiti biyu da ledar garin sabulun wanki cikakkiya.

Tela ya leƙo ta saman tabarau. "Wannan ba na Baba ba ne?"

"Shi ne. Ni ya zaɓa ya bar wa."

"Ya bar maka ka yi me?"

"Ka zuba ido ka sha kallo. A ƙasar da na zauna, wata shida na yi a kamfanin da ke wanke baburan tsere."

Mai Faci ya ajiye tayar da ke hannunsa. "Bara ka ce jirgin ruwa kake tuƙawa a can."

"Da safe ke nan. Da yamma babura."

Ya juye garin sabulun gaba ɗaya a bokiti, ya kaɗa har kumfa ta kai masa gwiwar hannu, ya shiga kwarara wa babur daga fitila har lamba. Ya ɗura a inji, ya ɗura a salansa, wai ciki ma yana da haƙƙi. Mai Faci ya ce Baba dai a inuwa yake yi, kuma da ruwa zalla. Barmini ya ce wannan tsohon yayi ne, rana ita ke buɗe ƙofofin fenti sabulu ya shiga. Daga nan ya juya baya ga babur ya kama yi musu lacca a kan ƙofofin fenti, yana zana su a ƙasa da tsinke. Laccar ta ci rabin awa. Da ya juyo, kumfa ta bushe ƙamas, babur ya yi fari fat da zane zane kamar fuskar wadda ta yi kuka da hoda.

Ya watsa ruwa. Zanen ya ɓace, rana ta busar, zanen ya dawo.

"Ƙofofin sun buɗe da yawa ko?" in ji Tela.

"Dattin ciki ne yake fitowa. Alama ce mai kyau."

Ya faɗa kicin ɗin matarsa ya fito da soson ƙarfe, na kankare gindin tukunya. Gwaggo, wadda ta jawo kujerarta bakin ƙofa tun da ta ji hayaniya, ta ɗaga hannu. "Kai ɗan nan, wannan na tukunya ne!"

"Gwaggo, tukunya ƙarfe, babur ƙarfe. Ina bambancin?"

"Bambancin tukunya ba ta da suruki."

Bai saurare ta ba. Ya dafa tanki ya shiga murzawa, ƙarar tana sa haƙoran mutane tsami. Farin zanen ya tafi kam, a nan ya yi gaskiya. Sai dai a gurbinsa an sami da'ira da'ira na ƙwarzane, ɗaruruwa, kamar kyanwa goma sun yi faɗa a kan tankin. Ya ce ba komai, ai sai an yi laushi kafin a yi sheƙi. Ya koma kan fararen ƙarafan, ya ɗebo toka a murhun Gwaggo ba tare da ya roƙa ba, ya haɗa da ɗan yashi don ta yi ƙarfi, ya dirje salansa da madubai da wayoyin taya. Salansar da mutane ke duba haƙoransu a jiki ta koma dusu dusu kamar tsohon cokali.

Yanzu kam 'yan kallo sun kai ashirin, har da masu saye da suka manta abin da ya kawo su. Gumi ya fara tsatsafo wa Barmini, kuma ba na rana ba ne. Ana cikin haka ya hango Mai Fenti a kan tsani, yana shafa wa gidan da ke kallonsu shuɗi. A gindin tsanin akwai galan na tina, ruwan nan mai hawa kai da masu fenti ke wanke buroshi da shi.

"Maigida, sam mini kofi ɗaya."

"Na me?"

"Zan share ƙwarzane."

Mai Fenti ya sauko taki biyu. "Malam, wannan fenti yake ci."

"Fentin gini yake ci. Wannan na kamfani ne, da wuta aka gasa shi. Bar mini."

Ya tsoma tsumma ya shafa a tanki. Abin mamaki, wurin ya yi wani sheƙi mai santsi, ƙwarzanen ya narke ya ɓace. Barmini ya ɗaga tsumman sama, ya yi baƙi ƙirin.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Dattin shekara ashirin da shida! Wannan duk Baba yana yawo da shi bai sani ba!"

Wani daga baya har ya tafa. Ai kuwa Barmini ya samu ƙarfi. Tsumma na biyu ya yi baƙi, na uku ya yi baƙi, ya yage tsohuwar rigarsa ya ci gaba, yana ɗaga kowane ƙyalle yana nuna wa jama'a. Ya bi tanki, ya bi murfin gefe, ya bi marfin taya, ya bi lambar baya ma don kada ta ji an ware ta. Yana yi yana waƙa.

Mai Faci ya matso, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa tankin da farce. "Barmini."

"Na'am?"

"Datti ya ƙare. Ka iso ƙarfe."

Barmini ya ja da baya ya duba da kyau. Saman tankin ya zama toka toka, tsirara, gefensa kuma baƙi yana dalala kamar kwalta. Lambar baya ta zama farin faranti, ko harafi ɗaya babu. A ransa ya ga fuskar Baba, ya ga Malamin Lissafi yana wucewa a kan babur a hankali yana ba da hannu kafin ya sha kwana. Amma mutum ashirin na kallonsa, don haka ya gyara murya.

"Matakin farko ya kammala. Sai gobe mataki na biyu."

"Mataki nawa ne duka?" in ji Tela.

"Sirrin kamfani ne."

Ya tura babur cikin gida ya lulluɓe shi da zanin gado.

Da yamma matarsa ta dawo ta ga babur a lulluɓe, har ta yi ajiyar zuciya. Ta kai hannu za ta ɗaga zanin, ya yi tsalle ya tare. "Baba ya ce kada a taɓa!"

Ta dube shi. Ta dubi hannuwansa, baƙi har wuyan hannu. Ta shaƙi iska. Ta ture shi gefe ta yaye zanin, sai kawai ta zauna a ƙasa daɓas, jaka a cinya.

"Ina yarinya a kan tankin nan nake zama ana kai ni makaranta," ta ce. "Ni da aka haifa a gidan ban taɓa sa masa ko yatsa mai maiƙo ba. Ɗauki waya ka kira shi yanzu ka faɗa masa."

"Haba, ki kwantar da hankalinki. Bar m..."

"Ka ƙarasa kalmar nan, wallahi yau a shago za ka kwana da cajojinka."

Washegari da hantsi Baba ya bugo wa 'yarsa waya. Ya ce motarsu za ta iso ƙarfe biyu, a ce wa mijinta ya kawo masa babur tasha. Ta buɗe baki za ta yi bayani, Barmini ya durƙusa a gabanta yana haɗa hannuwa. Ta kashe wayar, ta ciro makulli ta ajiye masa a kan tebur.

"Ni ma zan je tashar," ta ce. "Ba don in cece ka ba. Ma'aikaciyar asibiti ce ni, ban san wanda zai fara faɗuwa tsakaninku ba."

Kafin ta rufe baki ya fice. Ya dawo da gwangwani shida na baƙin man takalmi da buroshi biyu. Wannan karon a tsakar gida ya yi aikinsa, a inuwa, ƙofa a rufe. Ya shafa, ya buga buroshi, ya tofa yawu, ya sake bugawa. Kuma a faɗi gaskiya, tankin ya yi baƙi, har da ɗan sheƙi. Ya tsoma tsinken ashana a man ya rubuta lamba yadda ya tuna ta. Saura fararen ƙarafa da suka dushe. Ya sake faɗawa kicin ya ɗauko galan ɗin man girki, ya shafe salansa, ya shafe madubai, ya shafe kushin ɗin zama, ya shafe tayoyi, ya tsiyaya a cibiyar ƙafafun gaba da baya inda birki yake, don can ma ya ga ya yi fari da toka. Ya ja da baya. Babur yana ƙyalli ta ko'ina kamar an tsamo shi daga kasko.

Nan take tsohon Barmini ya dawo. Ya yi wanka, ya sa farin wando da farar rigarsa ta zuwa taro, ya fesa turare, ya buɗe ƙofa ya turo babur waje.

Tela ya cire tabarau ya mayar. "Kai! Daga nesa dai..."

"Matso ka gani."

"A'a, bar ni a nesan. Na fi son mu rabu lafiya."

"Me ya sa ƙudaje ke binsa?" in ji Gwaggo.

"Ƙyalli suke so, Gwaggo. Ko ƙuda ya san abu mai kyau."

Ya hau, ya murɗa makulli, ya taka. Shiru. Ya taka sau goma, sau ashirin, ƙafarsa tana zamewa. Mai Faci ya tausaya masa, ya kwance fulogi ya zubar da ruwan da ke ciki, ya busar, ya mayar. Shi da Tela suka kama turi. Babur ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya tashi da ƙara, kumfar sabulu tana fita daga salansa tana tashi sama ƙwal ƙwal. Barmini ya ɗaga musu hannu ya wuce. Tela ya dubi tafin hannunsa, baƙi da maiƙo, ga yadin mutane fari yana jiransa a kan keke.

Rana ta ƙarfe biyu ba ta san man takalmi daga fenti ba, ita dai narkarwa ta iya. Tun kafin ya kai babban titi, tankin ya fara zufa. Daga ƙasa zafin inji ya taya ta. Man girkin da ke kan salansa ya kama hayaƙi, duk inda ya ratsa mutane sai su waiga suna neman mai suya. Kushin kuwa ya zama santsi tsantsa. In ya ƙara wuta ya zame baya, in ya shiga rami ya zame gaba ya rungumi tanki. Haka ya yi ta kai da komo a kan babur ɗin, cinyoyinsa da ƙirjinsa suna kwashe baƙin da ya sha wahalar shafawa.

A bakin tasha ya hango su: Baba da jakarsa, matarsa ta riga shi isowa a tasi, ga kuma Malamin Lissafi ya riƙe wa Baba lema. Ganin lemar nan ya ƙona wa Barmini rai. Ya ƙara wuta don ya iso da kwarjini, ya miƙe wuya, ya taka birki.

Birki ya ce bai san zancen ba.

"Sannu da zuwa, Babaaa!" Ya wuce su fuu.

Ya matse na hannu, shi ma ya sha mai ya ƙoshi. Allah ya taimake shi akwai shataletale a gaban tashar, ya bi shi ya zagayo. "Kun dawo lafiyaaa?" Ya sake wucewa. Masu dako suka watse, mai sayar da lemo ya rungumi tirensa. A zagaye na uku bai yi gaisuwa ba, salati yake. Ya hangi tulin yashi da aka sauke don gyaran tasha, ya rufe ido ya nufe shi. Babur ya nutse har fitila, shi kuma ya zame ta saman tanki ya sauka a kan tulin da ciki.

Da aka zaro su, yashi ya manne a duk inda mai ya taɓa. Babur ya koma kalar ƙasa da toka, da ɗan baƙi nan da can. Barmini kuwa daga ƙirji zuwa gwiwa baƙi ne wuluk, bayansa fari tas.

Ɗan sandan hanya ya ratso taron. Ya zagaya bayan babur, ya shafa lambar da yatsa, abin da ya rage na rubutun ya biyo yatsan. Ya ƙwanƙwasa tanki. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya sha ganin haka.

"An kankare fenti, an goge lamba, an shafa baƙi a sama. Malam, a ina ka ɗauko shi?"

"Yallaɓai, wanki na yi masa!"

"Duk haka suke cewa."

Kalmar ɓarawo ta fara yawo a bakin jama'a, wasu samari suka matso. Ido ya raina fata. Barmini ya nuna Baba da hannu. "Na surukina ne! Ga shi can! Baba, ku faɗa musu!"

Baba ya tako a hankali, taron ya buɗe masa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya zagaya babur sau ɗaya. Ya shinshina. Ya daɗe yana kallon tankin, har 'yarsa ta matso ta riƙe masa gwiwar hannu.

"Tsoho, naka ne?" in ji ɗan sanda.

"A'a. Ba nawa ba ne."

Ɗan sanda ya damƙi ƙugun wandon Barmini, ya saki da sauri ya dubi hannunsa, ya sake damƙa ta baya inda yake da tsabta.

"Baba, don Allah," in ji 'yar.

Baba ya buɗe jakarsa, ya ciro wata doguwar ambulan, ya miƙa wa ɗan sanda. "Tun jiya ƙarfe sha ɗaya ya tashi daga nawa. Tafiyar da na yi ke nan, na je ofishin rajista na canza takardu. Karanta sunan mai shi."

Ɗan sanda ya buɗe ya karanta suna da ƙarfi, cikakke, har da na uba. Babu wanda ya amsa. Ya sake karantawa. Barmini ma waige yake yana neman mai sunan, sai da matarsa ta zungure shi. "Kai ne fa."

Ɗan sanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin inji, wuri ɗaya tak da hannun Barmini bai kai ba. Lambar inji ta yi daidai da ta takarda. Ya miƙe yana murmushi. "Amma takarda ta ce baƙi ne. Ina baƙin?"

Baba ya nuna wandon surukinsa. "Ga shi nan, bai ɓata ba."

Tasha ta kwashe da dariya, har direbobi suna bubbuga jikin mota. Ɗan sanda ya sake shi, ya ce a tura babur da hannu, kada ya sake ganinsa a titi sai da birki da lamba.

Barmini bai ji dariyar ba. Takardar yake kallo, sunansa a buge da inji, ga hatimi. "Baba... ni? Ba Malam ba?"

"Ni tsoron babur nake," in ji Malamin Lissafi a hankali. "Ni ma na taya Baba cika fom ɗin."

"Shekara tara ina ganin yadda kake kallonsa in na zo gidanku," in ji Baba. "Na ce wanda yake son abu haka zai riƙe shi. Na ce ka kawo shi nan ne don in yi hawan ƙarshe zuwa gida, kai a bayana, in sauka a ƙofa in ba ka makulli a gaban mutanen layinku. Kwana ɗaya kawai na roƙe ka."

Wannan magana ta fi yashin zafi. Barmini ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

Baba ya sake sa hannu a jaka ya ciro wani abu a naɗe: tsohon tsumma ne fari, ya yi laushi don wanki. Ya ɗora masa a kan takardun.

"Wannan nasa ne, tare suke. Ban dai ga abin da ya rage da za ka goge ba."

Ya shiga tasi, 'yarsa da Malamin Lissafi suka bi shi.

Sai da rana ta yi sanyi Barmini ya iso layi yana turi, tsumma a aljihu, ƙudaje na rakiya. Labari ya riga shi isowa, kowa yana ƙofar gidansa. Mai Fenti ne ya sauko daga tsani, ya zagaya babur yana shafa gemu.

"Ina da abokin da ke fesa wa motoci fenti," ya ce. "Ba zai koma kamar na da ba, amma zai yi baƙi. Ko dai kai za ka yi da kanka?"

Barmini ya dubi buroshin da ke hannun Mai Fenti. Hannunsa na dama har ya fara tafiya wajen nannaɗe riga. Ya kamo shi da na hagu.

"A'a," ya ce. "Na bar maka."

Gwaggo ta miƙe daga kujerarta tana neman takalmi.

"Ku kira matarsa," ta ce. "Yaron nan ya bugu a ka."